Kaset Huɗu na Haladu

Tun da na dawo daga Laberiya ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi a bakin tashar Birnin Kudu sai a zagaye ni. Wannan ya ce yaya teku take, wancan ya ce wai da gaske ne mutanen can ba su san tuwo ba, sai kuma wani marar ta-ido ya matso ya tambaye ni mutum nawa na harbe, kamar farauta na je. Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai karatu ya karanta wa marar karatu, a bar ni in huta. Amma in gaya muku tun yanzu, mai jiran labarin jarumta ya nemi wani. Ni abin da na sani a yaƙin nan shi ne jira, da ruwan sama, da ciwon ciki, sai kuma kaset huɗu na abokina Haladu, waɗanda suka dame ni fiye da ƙarar bindiga. Mu biyu muka tafi, ni kaɗai na dawo.

Haladu ɗan Kwandiko ne ta ƙasar Gwaram, ni kuwa ɗan Kangire. A bariki muka san juna, duk muna da igiya biyu. Da sunayenmu suka fito cikin waɗanda za a tura kiyaye zaman lafiya, sai aka ba mu kwana huɗu mu yi sallama da gida. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Kano ba, ko'ina ka zauna zancen ke nan. Na raka shi Kwandiko wurin mahaifiyarsa, tsohuwa mai ƙaramin jiki wadda idonta ya fara rauni, kowa Inna yake ce mata. Ta ce ita kada a aiko mata da wasiƙa, don sai an je an nemo mai karantawa, shi kuma mai karantawa ko ya ƙara ko ya rage. Muryar ɗanta take so ta ji. Ashe Haladu ya san hali, ya riga ya sayo ƙananan rakoda biyu a Kano, ɗaya tata ɗaya tasa. Da za mu tashi sai ta kama hannun rigata.

"Sale, kai ne babba. Shi wannan mantuwa gare shi. Ka tsaya masa, kada muryarsa ta yanke mini."

Na ce in Allah ya yarda ba za ta yanke ba. Da sauƙi na faɗa, ina ɗaura igiyar takalmi.

Daga bariki a manyan motoci aka kwashe mu zuwa Legas, kwana biyu muna jijjiga a kan benci. Inna ta ƙulla wa Haladu kuka da yaji da daddawa, shi kuma don wayo ya cusa su a tsakiyar jakarsa. Kafin mu ƙetare Kwara ƙullin kuka ya fashe. Da ya buɗe jakar a Legas, kakinsa da safarsa da bargonsa duk sun zama kore. Sajenmu, Saje Bitrus, wani baƙin dogo mutumin kudancin Bauchi, ya dube shi ya ce ai shi ke nan, mutanen sabuwar jiha sun zo da tasu tutar. Sunan da ya bi Haladu ke nan har can: Mai Tuta.

Masu tambayata iyakar ƙasa, ni ban ga iyaka ba. Ba wanda ya duba mana takarda, ba wanda ya buga mana hatimi. Jirgin ruwa muka shiga, ruwa kuwa ba shi da shinge. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin garinmu da damina ba, sai ga ni a kan abin da ba shi da gaɓa. Tun ranar farko cikina ya juya. Saje Bitrus ya yi ta yi mana dariya yana cewa 'yan tudu ne mu, rana ta biyu sai ga shi kusa da ni ya rungume ƙarfen jirgi yana kelaya amai. Na dai miƙa masa buta.

Inda gabana ya fara faɗuwa shi ne tashar jirgin ruwansu. Muna sauka, mutane ne maƙil a bayan waya, mata da tsofaffi da ƙunshin kaya a ka, kowa yana roƙo a bar shi ya shiga jirgin da mu muke fitowa daga ciki. Haladu ya raɗa mini cewa wurin da masu shi suke gudu, mu nan aka kawo mu. Can cikin gari hayaƙi yana tashi wuri uku, kuma ba na girki ba ne.

Masaukinmu wata makarantar firamare ce a gefen babban birninsu. Ajin da muka samu har lokacin akwai lissafi a jikin allo, malamin bai gama ba aka watse. Mu goma sha biyu muke kwana a ciki, mun toshe tagogi da buhunan yashi. Kullum abu ɗaya ne. A yi asuba, a yi fareti, a zauna goge bindiga, don a ƙasar nan ƙarfe kwana ɗaya yake yi ya yi tsatsa. Daga nan wasu su tafi shinge, wasu sintiri, wasu rakiyar tankar ruwa. A shinge aikinka ka kwance ƙunshin mutane ka duba. Yawanci tukunya ce da zani da ɗan rogo. Amma ba ka san wane ƙunshi ne ba na tukunya ba, don haka duk wanda ya tunkaro ka sai ka gyara riƙon bindiga. Wuni guda kana tsoron tsofaffi, da yamma ka koma kana jin kunyar kanka.

Ruwan sama kuwa, kada wanda ya ƙara yi mini kukan damina a garin nan. A can sai a yi kwana biyar ana zuba ba a ɗauke ba. Safa ba ta bushewa, tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari ya tsage, sauro kuma ba ya jiran magariba. Abinci shinkafa ce da kifin gwangwani, ranar da aka yi sa'a wake, shi ma rabinsa ƙwari. Kukar Haladu da muka yi wa dariya, ita muka koma muna kakkaɓowa daga bargo. Salla da takalmi muke yi, rabi su yi rabi su tsaya. Saje Bitrus da sauran Kiristoci ne suke riƙe mana gadi ran Juma'a, mu kuma mu karɓe su ran Lahadi. An yi sati guda ana gardamar alƙibla, don wasu sun dage gabas ɗin Kano ita ce gabas ɗin ko'ina.

Mutanen ƙasar suna da nasu hali. In kun gaisa sai mutum ya ja yatsanka ya ƙyasta shi da nasa har ya yi ƙara. Ranar farko na ɗauka faɗa ake nema. Gaisuwarsu gajera ce, ba lafiyar gida, ba gajiya, ba labarin ruwa, kalma biyu an wuce. Kuma a wurinsu in mutum bai ci shinkafa ba, ko me ya ci, cewa zai yi bai ci abinci ba ranar, kamar dai yadda tsofaffinmu suke da tuwo. Ganyen rogo da mu akuya muke bai wa, su shi ne miyarsu, a kirɓa shi a dafa da manja da barkono mai sa mutum hawaye. Na raina shi da farko, daga baya har layi nake bi.

Mai dafa mana shi wata tsohuwa ce da ke zaune a jikin katangar makarantar, kowa Ma yake ce mata. Turancinta ba ya shiga kunnen Haladu, Hausarsa ba ta shiga nata, amma sai su yi awa guda suna hira. Tana da zakara guda ɗaya, ja, wanda ta ɓoye a ƙarƙashin kwando tun farkon yaƙi. Duk unguwar shi kaɗai ya rage. Carar tasa ma ba daidai take ba, sai ya ɗauko ta da ƙarfi ta karye a tsakiya kamar mai tari. Kuma ba shi da lokaci, hantsi ma cara yake yi.

To, ga yadda zancen kaset yake. Ba gidan waya, sai dai in wani zai koma gida, mai rauni ko mai rakiyar kaya, a haɗa masa saƙo. Wahalar ba ta aikawa ba ce, ta ɗauka ce. Batir ya fi nama wuya. In ma ka samu, sai ka sami ranar da ba a harbi, don ba wanda zai aika wa uwarsa murya ana jin bindiga a bayanta. Mun yi wata biyu Haladu bai aika komai ba, ni kuma kullum ina yi masa mita.

Wata ranar Alhamis Ma ta sami labarin an ga 'yarta a wani gari, ta ce gobe za ta bi motar agaji ta tafi nema. Ba ta iya tafiya da zakara, sai ta kawo wa Haladu shi kyauta. Muka ɗaure shi da ƙafa a jikin katanga, a kan sai an sauko Juma'a a yanka. Washegari da safe gari ya yi tsit, ga shi Saje Bitrus ya samo batir a wurin masu oba-oba, wato rediyon sadarwa. Ni ina shinge. Da na sauka da hantsi sai na tarar da Haladu a bayan aji, ya jingina da katanga, rakoda a cinya, yana cewa, "Inna, an shiga kaka ko? Allah ya sa geron gonar fadama ya yi kyau. Mu nan lafiya lau, har ƙiba na yi."

Na ce kai Mai Tuta, wace kaka a tsakiyar damina? Ya danne rakoda ya ce in rufa masa baki. Wai ya gama na yanzu, wannan na biyu ne. Tunda Allah ya haɗa masa batir da shiru rana ɗaya, huɗu zai yi: na damina, na kaka, na azumi, da na babbar Salla. In lokacin kowanne ya yi sai a aika. Muka zauna muna dariya yana yi wa Inna sannu da shan ruwa, azumi saura wata da watanni. Kafin ya fara na huɗu aka kira ni ɗaukar buhuna, ban ji abin da ya faɗa a ciki ba. Da ya gama ya ɗaura wa kowanne zare, ƙulli ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya zuba su a akwatina na ƙarfe, ya ce ai ni Inna ta naɗa. Da la'asar muka cinye zakaran, mu tara. Na farko ya tafi a satin.

Bayan kamar wata biyu abubuwa suka ɓaci. Harbi ya matso har muna jin ƙasa tana motsi, aka hana kowa cire takalmi. Wata safiya Haladu ya fita rakiyar tankar ruwa, su biyar. Ya ce in ajiye masa shinkafarsa kada 'yan Kano su cinye. Azahar ba su dawo ba. La'asar ba su dawo ba. Wajen ƙarfe biyar mutum uku suka shigo a ƙafa, ɗaya ba takalmi. 'Yan tawaye sun tare su a wata gada, kowa ya faɗa daji. Washegari muka je da ƙarfi, muka sami tankar a ƙone da gawar direba. Haladu kuwa babu shi, babu bindigarsa, babu ko hularsa.

Babban oganmu ya ce ba za a rubuta ya mutu ba tunda ba a ga gawa ba, za a rubuta ba a gan shi ba, kuma ba za a aika gida ba sai an tabbatar. Daga ranar na zama wani iri. A shinge na daina kallon ƙunshi, fuska nake kallo. Aka ce an ga wani dogon Bahaushe a tsare a wata gonar roba, na yi kwana uku ban ci abincin kirki ba, ashe wani mai kanti ne ɗan Gini. Shinkafar da ya ce in ajiye, sai da ta yi tsami a kwano Saje Bitrus ya zubar da ita da kansa.

Ana nan sai aka ce wani ɗan ƙasar Ningi da ya karye a ƙafa zai koma gida, kuma ta Birnin Kudu zai bi. Ya zo yana tambaya ko akwai saƙo. A lissafina an fara yankan gero a gida. Na buɗe akwati na ɗauko mai ƙulli biyu. Saje Bitrus yana zaune yana ɗinke jakarsa, bai ko ɗago ba.

"Sale, in ka aika wannan, na uku ma sai ka aika. Ka yi tunani."

Na ce ai ba a ce ya mutu ba. In ya dawo gobe fa, in ce masa na tsorata tsohuwa a banza? Gaskiya ce, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Tsoro nake ji. Na ga kamar in kaset ya tafi, Haladu yana nan ke nan a wani wuri. Na miƙa.

Yadda Saje ya faɗa haka aka yi. Azumi ya kama, na aika na uku. Azumin nan ban ji yunwarsa ba. Duk lokacin da muka zauna shan ruwa da gari da sukari, sai in ga Inna a tsakar gida ta tara mutane ana jin Haladu yana yi musu sannu, ana cewa Allah ya dawo da shi lafiya. Na tsani kaina, na tsani akwatin, har na mayar da shi ƙarƙashin allo don kada in riƙa ganinsa.

Bayan ƙaramar Salla aka canje mu. A jirgi wannan karon ban yi amai ba, ban ma lura da tekun ba. A bariki aka ce takardar Haladu tana kan hanya, za a sanar da iyalinsa in an gama bincike. Aka ba ni hutu. Sati uku na yi tsakanin Kangire da Birnin Kudu ina ba ku labarin ganyen rogo, duk motar Gwaram da ta yi lodi sai in juya mata baya. Ranar da wani ɗan Basirka ya gane ni a tasha ya ce yaya na baro Haladu, ranar na san ɓuya ta ƙare.

Na shiga bas zuwa Gwaram, daga nan na hau babur. A hanya taya ta yi faci, mai babur yana ta ba ni haƙuri, bai san daɗi na ji ba. Duk da haka muka isa. Na tarar da Inna a rumfa tana ɓarar gyaɗar iri, rakodar tana gefenta an lulluɓe ta da ɗankwali. Na yi sallama, ta gane muryata tun ban ƙarasa ba. Ta sa aka kawo ruwa da fura, ta kori kowa. Muka gaisa, gaisuwa irin tamu mai tsawo, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen Kangire ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tambayi Haladu ba. Da gaisuwa ta ƙare ban da sauran wurin ɓuya, sai na durƙusa na faɗa mata komai, da gadar, da tankar, da zaren da aka ƙulla. Na ce ni na aiko na biyu da na uku bayan ya ɓace, ta yafe mini.

Ba ta daina ɓarar gyaɗa ba. Can ta ce, "Na sani tun na kaka."

Na ɗago na dube ta.

"A na farko ya ce mini, Inna, kin ji zakaran nan mai tari? Wata tsohuwa ta ba mu, yau za mu yanka shi in an sauko masallaci. To da na biyu ya zo, yana tambayata gero, sai ga zakaran nan ya yi cara a bayansa. Na uku ma ya yi, har sau biyu. Ni na yi kiwon kaji shekara hamsin, Sale. Wanda aka yanka da damina ba ya cara da azumi."

Wallahi ni da nake zaune a wurin ranar, ban ji carar ba. Mun saba da ita har ta daina shiga kunnenmu.

Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce wa za ta faɗa wa? Yayyensa suna murna, matan gida suna ta sa a maimaita musu. Ta gane cewa rana ɗaya ya yi su, ta kuma gane cewa da yana nan da ya ƙara ko kalma ɗaya sabuwa a ƙarshe, don bakinsa ba ya shiru. Sai ta bar su da murnarsu, ita kuma in an watse ta kunna ita kaɗai. Ta ce, "Ba kai kaɗai ka ɓoye ba. Ni da kai muka yi."

Sai a lokacin ta ture ƙwaryar gyaɗar. Ta tambaye ni ko an ga gawa, na ce ba a gani ba. Ta ce to ita ba za ta zauna karɓar gaisuwa ba, yayyensa dai za ta gaya musu da bakinta yau. Sannan ta ce, "Saura nawa?"

Na ce ɗaya, na babbar Salla. Na ciro shi daga aljihu na sa mata a hannu. Ta shafa shi, ta bi zaren da yatsa tana ƙirga ƙullin har huɗu. Na kai hannu zan yaye ɗankwalin rakoda, sai ta riƙe ni.

"A'a. Shi ya ce na Salla ne. Mayar da shi akwatinka, in yana nan ba zan iya haƙuri ba. Ran Salla in an sauko idi ka kawo mini da kanka, ka zauna mu ji tare."

To, masu tambaya, iyakar abin da na gani a Laberiya ke nan. Jibi Salla. Na sayi batir sababbi guda huɗu, na gwada su a tocila, na sake gwadawa. Kaset ɗin yana cikin akwati, ban san abin da ya faɗa a ciki ba, kuma ban taɓa jin tsoron shinge kamar yadda nake tsoron danna rakodar nan ba. Kada kowa ya neme ni a teburin mai shayi ranar. Ina Kwandiko.